Kiɗan Mayaƙan Almara a Titunan Annandale

Annandale ba ta cikin wuraren da ake kai baƙo yawon buɗe ido idan ya zo Amurka. Ba ta da magajin gari, jirgin ƙasa na Metro bai biyo ta cikinta ba, kuma babu wani dogon bene da za a hango daga nesa a ce ga alamarta. Yanki ce a gundumar Fairfax ta jihar Virginia, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birnin Washington, inda ƙidayar 2020 ta sami mutum sama da 43,000. Babban titin da ya kewaye Washington, wanda ake kira Beltway, ya tsaga ta, sannan wani tsohon titi mai suna Little River Turnpike ya ratsa ta daga gabas zuwa yamma. A kan wannan titin rayuwar garin take. An shimfiɗa shi tun farkon shekarun 1800 domin manoma su riƙa kai amfanin gona tashar jiragen ruwa ta Alexandria, a zamanin da sai an biya kuɗi a shingaye kafin a wuce. Yau abin da ke gefensa jerin shaguna ne da filayen ajiye motoci, kuma da yawa daga allunan shagunan da rubutun Koriya aka yi su: gidajen gasa nama, gidajen burodi, ofisoshin lauyoyi da na inshora, coci-coci, da ɗakunan da ake haya a shiga a rera waƙa har tsakar dare. Akwai kuma 'yan Salbado da Bolibiya da Biyetnam da Habasha, ga masallacin Mustafa Center na 'yan Afganistan a kan titin Braddock.

Wani matafiyi ya sauka a gidan wani ɗan'uwansa da ya daɗe da zama a can, a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen jan bulo da aka yi ta ginawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu domin ma'aikatan gwamnati. Galibin gidajen nan suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye injin wanki da tarkace, kuma a nan samarin gida kan kafa fadarsu. Daga irin wannan ɗaki wani sauti ya riƙa tasowa da daddare: jita mai zuba babu tsayawa kamar ruwan Agusta a kan rufin kwano, ganguna masu nauyi da ke takawa a hankali, da wata murya da ke fitowa daga can cikin maƙogwaro har ba a gane kalma ɗaya. Can sai komai ya lafa, muryoyin maza su ɗauki amshi tare, cikin natsuwa da alhini. Mai sauraren ɗan gidan ne, saurayi da ke karatu a kwalejin NOVA, wadda babban reshenta ke nan Annandale. Da baƙon ya tambaye shi wane irin kiɗa ne wannan, yaron ya shaida wa kawun nasa cewa black metal ne, amma maimakon ya nuna masa hoton makaɗa, sai ya miƙo masa littafi mai kauri, shafi kusan dubu.

Sunan albam ɗin da yaron ke saurare Echoes of Battle. Wasu mutum biyu daga birnin Salt Lake City na jihar Utah ne suka yi shi da sunan Caladan Brood, wani ƙaramin kamfanin faifai na Jamus, Northern Silence Productions, ya fitar da shi a 2013. Waƙa shida ce kacal a ciki, amma jimillar tsawonsu ya kai minti 71. Mafi gajarta ta haura minti tara, ta ƙarshe kuwa ta kusa kwata ɗin awa. Babu waƙar soyayya a ciki, babu ta kuɗi ko mota. Duk abin da ake rerawa an ɗebo shi ne daga jerin littattafan almara na marubucin Kanada Steven Erikson, mai taken Malazan Book of the Fallen, littafi goma da suka fito tsakanin 1999 da 2011, kalmominsu sun haura miliyan 3.

Erikson masanin tonon kayan tarihi ne kafin ya zama marubuci, kuma hakan yana bayyana a alƙalaminsa. Duniyar da ya ƙaga tare da abokinsa Ian Esslemont, tun suna amfani da ita wajen wasan tebur na jarumai da dodanni, cike take da kufai: birni a kan birni, daula a kan ƙasusuwan daula. Shi Caladan Brood sarkin yaƙi ne a cikin littattafan, mai ɗauke da wata guduma da idan ya buga ta a ƙasa duniya za ta girgiza, don haka yake jin nauyin ɗaga ta. Waƙar farko ta albam ɗin a kan birnin Darujhistan take, wanda fitilun gas masu shuɗin haske ke haskakawa da dare. Su kansu makaɗan biyu ba su sa sunayensu na yanka a jikin faifan ba. Ɗaya ya kira kansa Mortal Sword, ɗaya Shield Anvil, muƙamai biyu a rundunar wasu mayaƙan haya da ke cikin littafi na uku.

Muƙami na biyun nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya sa baƙon ya daina yi wa kiɗan kallon hayaniya. A littafin, aikin mai riƙe da shi ya wuce sara da suka. Idan ƙura ta lafa, shi ne ke shiga filin daga ya ɗauki baƙin cikin waɗanda suka mutu, nasu da na abokan gaba duka, ya ɗora wa kansa domin su huta. Wanda ya riƙe muƙamin a labarin, Itkovian, haka ya yi ta ɗauka har abin ya zama ajalinsa. A littafi na biyu kuma akwai wani kwamanda mai suna Coltaine da ya tasa dubban 'yan gudun hijira a gaba, mata da yara da tsofaffi, ya ratsa hamada da su wata da watanni ana kai musu hari ta ko'ina, har ya kai su ƙofar birnin Aren. Shi da ragowar sojojinsa aka kashe su a gaban ganuwa, babban kwamandan birnin yana ciki da runduna guda amma ya ƙi fitowa. Wanda ya ga ayarin mutanen da suka baro ƙauyukan Borno ko Zamfara da ƙunshin kaya a ka ba ya buƙatar sharhi kafin wannan babi ya taɓa shi. Idan aka san wannan, sai ihun da ke cikin albam ɗin ya koma kuka, amshin mazan kuma ya koma makoki.

Washegari yaron ya kai kawunsa laburaren George Mason, wanda ke kan Little River Turnpike ɗin dai. Na gwamnatin gunduma ne, katin aro kyauta ne ga mazauna, kuma da yamma cike yake da 'yan makaranta da dattawan Koriya masu karanta jarida. A sashen almara, kantoci ne jere da littattafai masu hoton takubba da dodanni a bango, kuma duk inda aka duba sai an koma kan mutum guda, J.R.R. Tolkien. Malamin harsuna ne a jami'ar Oxford ta Ingila, an haife shi a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, ya halarci yaƙin Somme a 1916 inda ya rasa aminansa, ya fitar da The Hobbit a 1937 da The Lord of the Rings a 1954 zuwa 1955. Ya ƙirƙiro harsuna sukutum da nahawunsu, da taswirori, da jerin sarakuna, da waƙoƙi birjik da ya sa a bakin jarumansa. Makaɗin da ke neman baitoci masu ƙamshin tsufa, a nan yake samun rumbu a buɗe.

Waɗanda suka fi kowa ɗiba daga wannan rumbu wasu mutum biyu ne a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya, Silenius da Protector, masu ƙungiyar Summoning da aka kafa a 1993. Sunayen faya-fayansu na farko duk sunayen hasumiyoyi da garuruwan mugunta ne a duniyar Tolkien: Lugburz da Minas Morgul a 1995, sai Dol Guldur. Da yawa daga baitocinsu waƙoƙin Tolkien ne suka ɗauka suka ɗora wa kiɗa, kuma a albam ɗinsu na 2006, Oath Bound, akwai waƙa guda da aka rera gaba ɗaya da harshen da ya ƙaga wa dakarun Mordor, ƙasar mugunta a labarinsa. Su ne suka sassauta gudun black metal, suka cika shi da sautin ƙaho da tambura na fiyano, suka bar na'ura tana buga ganga. Ba sa hawa dandamali. A ɗaki suke aikinsu, su aika wa kamfanin Napalm Records. Caladan Brood almajiransu ne a fili, salon iri ɗaya, sai dai sun sauya littafi kuma sun ƙara yawan amshi da murya mai daɗi. A ganin baƙon, almajiran sun fi malaman iya sa zuciya ta karye, ko da yake malaman sun fi su faɗin tunani.

Abin tambaya shi ne me ya haɗa wannan kiɗa da unguwa mai ciyawa a gyare da motocin makaranta masu ruwan ɗorawa. Amsar tana cikin tarihin unguwar kanta. Ba nisa da laburaren akwai makarantar sakandare ta Annandale. A cikinta Mark Hamill ya yi wani ɓangare na karatunsa, wanda daga baya ya fito a matsayin Luke Skywalker a fim ɗin Star Wars na 1977. A cikinta kuma Dave Grohl ya zauna na ɗan lokaci kafin ya bar makaranta yana ɗan shekara 17 ya bi ƙungiyar Scream yana buga mata ganga. Grohl a Springfield ya tashi, maƙwabciyar Annandale ta kudu, ya shiga Nirvana a 1990, ya kafa Foo Fighters bayan nan. Da ya yi suna ya yi kuɗi, sai ya dawo yankin ya sayi gida a Alexandria, ya mai da ɗakin ƙarƙashin ƙasa situdiyo, ya buga kusan duk kayan kiɗan wani albam shi kaɗai, ya aika wa mawaƙan da yake so tun yana yaro su ɗora murya. Albam ɗin, Probot, ya fito a 2004, kuma a cikin waɗanda suka amsa kiransa akwai Cronos na Venom, da King Diamond na Mercyful Fate, da Tom G. Warrior na Celtic Frost, wato iyayen black metal ke nan na farko. Pentagram, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin kiɗa mai nauyi a Amurka, a Alexandria aka kafa ta a 1971. Yaran ma'aikatan gwamnati da na soja, masu ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da katin laburare da dogon hunturu, su ne suka raini wannan kiɗa a nan.

Mahaɗarsu a da wani gidan kiɗa ne mai suna Jaxx, a cikin jerin shaguna a kan titin Rolling Road na Springfield, tafiyar mintoci kaɗan a mota daga Annandale. Ƙaramin wuri ne mai ɗaukar 'yan ɗaruruwa, amma shekara da shekaru ƙungiyoyin metal na Turai da suka zo rangadi a nan suke yada zango idan sun iso yankin Washington. An sauya masa suna zuwa Empire, sannan aka rufe shi a 2015. Baƙon ya je ya ga wurin, babu abin gani sai shaguna da motoci. Masu son kiɗan yanzu sukan jira ƙarshen watan Mayu su tafi Baltimore, inda ake bikin Maryland Deathfest tun 2003.

Hanyar da ta fi dacewa da sauraren Echoes of Battle tana farawa ne a tsakiyar Annandale, kusa da wata tsohuwar igwa da aka girke a gefen titi. Daga nan titin Columbia Pike ya tashi ya nufi gabas, ya bi ta Bailey's Crossroads, ya ratsa shagunan Habashawa da na 'yan Latin Amurka, ya je ya ƙare a gindin Pentagon da maƙabartar sojoji ta Arlington. Baƙon ya bi wannan hanya a bas da kiɗan a kunnensa. Waƙa ta uku, Wild Autumn Wind, ita ce mafi sanyi a albam ɗin, tana tafiya a hankali da amshi mai maimaituwa, kuma ta dace da titin nan idan ganyaye sun soma ja da zubewa a watan Oktoba. Maƙabartar an soma binne sojoji a cikinta a 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, a filin gidan iyalan Janar Robert E. Lee, kuma yanzu akwai kaburbura kusan 400,000. Fararen duwatsu ne a jere kan tuddai iya ganin ido. Daga cikinsu akwai masu alamar jinjirin wata da tauraro, na Musulmin da suka mutu a cikin kakin sojan Amurka.

Ƙetaren kogin Potomac kuma, a cikin Washington, akwai bangon tunawa da yaƙin Biyetnam da aka buɗe a 1982. Wata ɗaliba 'yar shekara 21, Maya Lin, ta zana shi: baƙin dutse mai sheƙi da ya nutsa cikin ƙasa, an sassaƙa sunaye sama da 58,000, babu muƙami, babu janar babu kurtu, an jera su bisa ranar da kowa ya faɗi. Mutane na zuwa su ɗora takarda a kan suna su goga fensir su tafi da shi gida. Littafin waɗanda suka faɗi ke nan a zahiri, kuma taken waƙar ƙarshe ta albam ɗin ke nan, Book of the Fallen. Sai dai bangon na gefe ɗaya ne. 'Yan Biyetnam da suka mutu a yaƙin sun ninka wannan adadi sau da yawa, kuma babu sunansu a wurin, alhali danginsu na nan kusa, suna kasuwanci a Eden Center da ke Falls Church, maƙwabtaka da Annandale. A nan almara ta ɗara dutse, domin Erikson yakan ba wa wanda aka ci da yaƙi baki ya faɗi nasa, ya sa mai karatu ya zauna a sansanin abokan gaba ya ji su ma suna da 'ya'ya.

Mai masaukin baƙon, wato mahaifin yaron, bai taɓa sakin jiki da wannan kiɗa ba, kuma ba shi ne uba na farko a yankin da ya damu ba. A ƙarshen dogon filin da bangon yake akwai ginin majalisar dokoki, kuma a wani ginin ofisoshin sanatoci da ke kusa da shi ne, a ranar 19 ga Satumba 1985, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna sauraren ƙorafi a kan kalmomin waƙoƙi. Wata ƙungiyar iyaye da matan manyan Washington suka kafa, ciki har da Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, ita ta tayar da maganar, ta fitar da jerin waƙoƙi 15 da ta ce sun fi kowanne ƙazanta. Biyu daga ciki na Venom da Mercyful Fate ne, bisa zargin tsafi. Venom ɗin nan, 'yan Newcastle ta Ingila, su ne suka sa wa faifansu na 1982 suna Black Metal, sunan da ya bi salon har yau. Mawaƙa uku, Frank Zappa da John Denver da Dee Snider, suka bayyana gaban kwamitin suka ƙi amincewa da takunkumi. Abin da ya fito daga rigimar shi ne tambarin gargaɗin iyaye da ake mannawa a jikin faya-fayai.

Gaskiya ita ce tsoron iyayen yana da tushe, kuma duk wanda zai yi maganar wannan kiɗa da adalci dole ya faɗe ta. Kaso mai yawa na black metal an gina shi ne a kan izgili ga addini da kiran sunan Shaiɗan, abin da baƙon ba zai saurara ba kuma ba zai so ɗansa ya saurara ba. A ƙasar Norway abin ya wuce baka. A ranar 6 ga Yuni 1992 aka ƙona cocin katako na Fantoft da ke kusa da Bergen, gini mai shekara sama da 800, wasu coci-cocin suka biyo baya. A watan Agusta 1993 Varg Vikernes, mai ƙungiyar Burzum, ya kashe Euronymous na ƙungiyar Mayhem da wuƙa a Oslo. A 1994 kotu ta ɗaure shi shekara 21 saboda kisan da ƙona coci-coci, kuma ya ci gaba da yaɗa aƙidar fifita farar fata. Har yau akwai ƙungiyoyi masu wannan aƙida, wasunsu ma a nan arewacin Virginia suka tsiro. Baƙar fata Musulmi da ke shiga wannan fage yana da dalilin buɗe ido.

Abin takaicin shi ne su ma waɗancan daga Tolkien suka sha. Vikernes daga rubutun da ke jikin zoben nan na labarin The Lord of the Rings ya ciro sunan ƙungiyarsa, ya kuma laƙaba wa kansa sunan wani mugun sojan Mordor. Gorgoroth, wata ƙungiyar Norway, sunan wani fili ne a Mordor. Tolkien kuwa Kirista ne mai riƙo da ɗariƙar Katolika, wanda labarinsa kaf a kan tausayi da ƙin mulkin danniya yake, kuma a 1938 da wani kamfanin ɗab'i na Jamus ya nemi ya tabbatar da cewa shi ba Bayahude ba ne, ya rubuta amsa mai zafi yana ƙyamar tambayar. Waɗancan samari sun karanta littafin suka zaɓi ɓangaren azzalumi. Summoning ma sunayen duhun suka ɗauka, amma Protector ya sha fitowa fili yana nesanta kansa da 'yan Nazi, kuma babu Shaiɗan a baitocinsu tun da suka kama hanyar Tolkien. Caladan Brood kuwa sun zaɓi sunan mai ɗaukar baƙin cikin matattu. Bambancin yana cikin takardar baitocin, kuma uban da ke son sanin abin da ɗansa ke ji, karanta ta zai fi masa amfani a kan jin ƙarar daga saman bene.

Duk wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe idan ya natsu. Waƙar maza tana da daɗaɗɗen gurbi a ƙasar Hausa: Ɗan Anace da Shago a fagen dambe, Kassu Zurmi da mafarauta da 'yan tauri, kirari mai ambaton jini da kabari da maƙabarta wanda ake yi da murya a shaƙe, jiki na tsuma. Muhawarar ko waƙa na ɓata tarbiyya ma an yi ta a kan Gambu mai waƙar ɓarayi shekara da shekaru. Ta ɓangaren littafi kuwa, rumbun a cike yake. Gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kafin The Hobbit ya fito. Ganɗoki jarumin Kwantagora ne da ya gwabza da Turawan mamaya, daga nan labarin ya tsallaka da shi ƙasar aljannu tare da ɗansa Garba Gagare. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, ga kuma tarin littattafan yaƙi na zamanin nan irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari ke saya a kasuwannin Kano ko su saurara ana karantawa a YouTube har dare ya raba.

Abin da ya rage shi ne gadar da za ta haɗa ɓangarorin biyu. Situdiyoyin Kano da Kaduna sun ƙware a waƙar soyayya da ta biki da ta siyasa, kuma kayan aikin da ke cikinsu, fiyano da kwamfuta da na'urar ganga, su ne dai waɗanda mutum biyu a Biyena suka gina sunansu da su. Wasu 'yan Afirka sun riga sun gwada: Skinflint a Botswana suna ɗebo baitoci daga tatsuniyoyi da camfe-camfen nahiyar, Arka'n Asrafokor a birnin Lome na Togo suna haɗa jita mai nauyi da gangunan gargajiya suna rerawa da harshen Ewe. Babu wanda ya ce sai mawaƙin Hausa ya yi ihu irin na 'yan Norway. Yana da kalangu da tambari da kakaki da kuge, yana da salon kirari da ya girmi jitar lantarki da ɗaruruwan shekaru.

Yaron gidan, wanda aka haifa a Virginia, yana jin Hausa amma ba ya karanta ta sosai. Ya san sunan kowane kwamanda a rundunar Malazan, ya san taswirar Mordor, amma bai taɓa jin sunan Ganɗoki ba sai da kawunsa ya ba shi labarin a taƙaice, kuma tambayar da ya fara yi ita ce ko akwai wanda ya yi masa albam. Irinsa suna da yawa a Maryland da Virginia da Landan da Jidda, kuma ta kunne ake kama su kafin a kai su ga takarda. Mawaƙan Hausa da masu situdiyo, ga Ganɗoki nan ya haura shekara 90 a kan kanta: a nemi izinin masu haƙƙin littafin, a zauna a karanta shi tun daga bango har bango, a yi masa kundin waƙoƙi guda cikakke.